Ko Gani Ya Kori Ji? Kunne da Na'ura Wajen Saita Fiyano

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A yawancin fannonin kimiyya maganar haka take, domin abin da aka auna aka ga adadinsa a rubuce ya fi abin da aka kintata. To amma akwai wata sana'a da aka daɗe ana jayayya a cikinta a kan wannan batu, ita ce sana'ar saita fiyano, wadda ta kafu a ƙasashen Turai da Amurka da Japan. Fiye da shekara 200 masu wannan sana'a suna aiki da kunne kaɗai. Daga 1936 aka fara ƙera na'urorin lantarki masu nuna wa ido ko sauti ya yi daidai ko bai yi ba, har ta kai yau ana iya sa irin wannan manhaja a wayar hannu. Sai tambaya ta taso: shin ɗan koyo ya kwashe shekaru yana horar da kunnensa, ko kuwa ya sayi na'ura ya huta?

Ba a iya amsa wannan tambaya sai an san abin da kunnen yake saurare, da kuma abin da na'urar take aunawa. Saboda haka darasinmu zai bi ta cikin babin sauti na fiziks, tare da ɗan lissafin da bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Ƙirar Fiyano

Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Fulorans wajejen shekarar 1700. Fiyanon zamani yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Idan aka danna ɗaya, sai wata 'yar guduma mai kan ulu ta doki tsirkiyar ƙarfe ta koma baya. Tsirkiyar ta shiga karkarwa, wani faffaɗan allon katako da ke haɗe da ita ya karɓi karkarwar ya yaɗa ta cikin iska, mu kuma mu ji sauti.

Tsirkiyoyin sun kai kimanin 230, domin yawancin madannai tsirkiya uku-uku gare su. Na ɓangaren kakkauran sauti ne kawai suke da biyu-biyu ko ɗaya-ɗaya. An naɗe kan kowace tsirkiya a jikin wani turken ƙarfe da aka kafa cikin katako mai tauri, an kuma ɗame ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 zuwa 90. Idan aka tara duka, jan da firam ɗin ƙarfe yake ɗauke da shi a babban fiyano ya kai tan 18 zuwa 20.

Saiti ba ya dawwama, domin katako yana bin yanayi. Lokacin laima, kamar damina, allon yakan kumbura ya ƙara ɗame tsirkiyoyi, sai sauti ya hau. Lokacin bushewa, kamar hunturu, yakan motse, sai sauti ya sauka. Wannan ne ya sa ake saita fiyano sau ɗaya ko sau biyu a shekara.

Karkarwa da Dokokinta

Kaurin sauti ko sirantakarsa ya dogara ne ga yawan karkarwar da tsirkiya take yi a sakan ɗaya. Ma'aunin wannan shi ne haz, ana rubuta shi Hz a taƙaice, don tunawa da masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Madanni na farko daga hagu yana ba da Hz 27.5, na ƙarshe daga dama kuma kimanin Hz 4,186. Ana kiran muryoyin da haruffa daga A zuwa G, sannan a ƙara lamba don nuna wurin da kowace take.

A 1636 wani masanin lissafi ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa dokoki uku game da tsirkiya. Ta farko, idan aka rage tsawonta zuwa rabi, karkarwarta za ta ninka biyu. Ta biyu, kafin karkarwa ta ninka biyu ta hanyar ɗamewa, sai an ninka ƙarfin jan sau huɗu. Ta uku, gwargwadon nauyin tsirkiya, gwargwadon jinkirin karkarwarta. Shi ya sa ake naɗe tsirkiyoyin kakkauran sauti da wayar tagulla. Duk wanda ya taɓa kallon mai garaya ko mai goge yana ɗame tsirkiya kafin wasa, sannan yana rage tsawonta da yatsa, ya riga ya ga biyu daga cikin dokokin nan suna aiki. Mai saita fiyano da doka ta biyu kawai yake aiki: yana juya turke da wata sufana ta musamman mai dogon hannu.

Akwai murya ɗaya da ake fara komai daga gare ta, wato A4, madanni na 49. A da kowane gari da nasa ma'aunin. Faransa ta tsayar da Hz 435 a 1859. Wani taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Landan a 1939 ya amince da Hz 440, Hukumar Ma'aunai ta Duniya kuma ta karɓe shi a 1955. Mai aiki da kunne yana samun wannan murya daga wani ƙarfe mai yatsu biyu da ake bugawa ya yi amo guda tsantsa, wanda John Shore, mabushin fadar Ingila, ya ƙirƙiro a 1711.

Hawa-Hawan Sauti da Rawar Sauti

Abubuwa biyu ne ginshiƙin wannan sana'a, ya kamata ɗalibi ya riƙe su da kyau.

Na farko, tsirkiya ba sauti ɗaya take bayarwa ba. A lokaci guda tana karkarwa gaba ɗayanta, tana kuma karkarwa kashi biyu, da kashi uku, da huɗu, har gaba. Kowace irin karkarwa da nata sautin, sun hau kan juna kamar hawan bene. Tsirkiyar A3, alal misali, hawanta na ɗaya Hz 220 ne, na biyu 440, na uku 660, na huɗu 880, na biyar 1,100. Kunne yana haɗa su ya ji murya guda, amma wanda ya sami horo yana iya ware su.

Na biyu, idan sautuka biyu sun yi kusa da juna ƙwarai amma ba su zama ɗaya ba, sai a ji amon yana ƙaruwa yana raguwa, wuu-wuu-wuu, kamar muryar da ke rawa. Dalili shi ne igiyoyin sautin biyu wani lokaci suna tafiya tare su ƙarfafa juna, can kuma ɗaya ta wuce ɗaya su yi karo su raunana juna. Ƙa'idar mai sauƙi ce: yawan rawar a sakan shi ne bambancin da ke tsakanin sautukan. Hz 440 da Hz 442 za su yi rawa sau 2 a sakan. Idan aka sassauta ta biyun zuwa 441, rawar ta koma sau 1. Da ta iso 440 sai rawar ta tsaya cik.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Mutane da yawa suna zaton mai saita fiyano yana da wata baiwa ta gane kowace murya da ka. Ba ya bukatar haka. Aikinsa shi ne sauraren wannan rawa da ƙidaya ta. Wato shi ma awo yake yi, sai dai ma'auninsa yana cikin kunnensa.

Lissafin da Ya Ƙi Cika

Tun zamanin Girkawan da, an lura cewa muryoyi biyu suna daɗin ji tare idan rabon da ke tsakaninsu ƙananan lambobi ne. Ana danganta wannan bincike ga Pythagoras. Tazara uku ne suka fi muhimmanci a gare mu. Akwai oktaf, wato 2 bisa 1, kamar daga A3 zuwa A4. Akwai tazarar biyar, wato 3 bisa 2, kamar daga A zuwa E, domin fararen madannai biyar ake ƙirgawa. Akwai kuma tazarar uku, wato 5 bisa 4, kamar daga F zuwa A. Daɗin nasu ya samo asali ne daga hawa-hawan da muka ambata: a tazarar biyar tsantsa, hawa na uku na ƙaramar lamba ya faɗa daidai kan hawa na biyu na babbar, saboda haka babu rawa.

Sai mutum ya ce, to ai aikin ya zo da sauƙi, a saita kowace tazara har rawa ta tsaya. Bari mu gwada da alƙalami. Mu tashi daga madanni na farko, Hz 27.5, mu hau oktaf bakwai. Ninka 2 sau bakwai ya ba da 128, kuma 27.5 sau 128 ya ba da Hz 3,520. Yanzu mu koma wurin da muka tashi, mu hau da tazarar biyar sau goma sha biyu. A kan madannai, wuri ɗaya za mu sauka, wato A7. Amma ninka 1.5 sau goma sha biyu ya ba da 129.75, wanda ya kai mu kimanin Hz 3,568. Madanni ɗaya, amsa biyu, da bambancin Hz 48. Haka kuma tazarar uku sau uku ya kamata ta cika oktaf, amma 1.25 sau 1.25 sau 1.25 ya tsaya a 1.953, bai kai 2 ba.

Wannan giɓi ba laifin maƙeri ba ne, halin lambobi ne: duk yadda aka ninka 3 da kansa ba zai taɓa zama daidai da ninkin 2 ba. Ma'ana, babu wata hanya da za a saita fiyano kowace tazara ta fito tsantsa. Dole a ɓoye giɓin a wani wuri.

Maganin da aka tsaya a kai shi ne a raba giɓin daidai wa daida, kamar yadda abokan ciniki kan raba asara kowa ya ɗauki kaɗan. Ana raba oktaf gida 12, kowane mataki ya zama ninki 1.05946 na wanda yake bi, domin wannan lamba ce idan aka ninka ta da kanta sau goma sha biyu take ba da 2. Zhu Zaiyu, wani ɗan sarautar daular Ming ta ƙasar Sin, ya fitar da wannan lissafi a 1584, Simon Stevin ma ya yi aiki a kansa a Holan kusan lokaci guda. Amma sai a ƙarni na 19 tsarin ya zama ruwan dare a fiyano. A 1885 Alexander Ellis na Ingila ya yaɗa wani ƙaramin ma'auni mai suna sent: mataki ɗaya sent 100 ne, oktaf kuma 1,200. Da wannan ma'auni, tazarar biyar ta fiyano ta gaza tsantsa da kimanin sent 2, tazarar uku kuma ta zarce tsantsa da kimanin sent 14.

Wato ke nan aikin mai saiti shi ne ya karkatar da kowace tazara da gangan, gwargwadon da aka ƙayyade, ba ƙari ba ragi.

Yadda Mai Kunne Yake Aiki

Tun da tazarar ba tsantsa ba ce, dole ta yi rawa, kuma ana iya lissafa yawan rawar. Ga misalai huɗu:

A3 da E4: 220 × 3 = 660, kuma 329.63 × 2 = 659.26. Rawa ba ta kai sau 1 a sakan ba.

F3 da A3: 174.61 × 5 = 873.05, kuma 220 × 4 = 880. Rawa kusan sau 7 a sakan.

A3 da C#4: 220 × 5 = 1,100, kuma 277.18 × 4 = 1,108.72. Rawa kusan sau 9.

C#4 da F4: 277.18 × 5 = 1,385.90, kuma 349.23 × 4 = 1,396.92. Rawa sau 11.

Mai saiti yakan fara da saƙa wani dogon ƙyallen ulu tsakanin tsirkiyoyin tsakiyar fiyano, domin kowane madanni ya bar tsirkiya ɗaya tak tana magana. Sai ya daidaita A4 da ƙarfe mai yatsu biyu, ya sauko zuwa A3, sannan ya gina oktaf guda cikakke, yawanci daga F3 zuwa F4. Wannan oktaf shi ne harsashin ginin, idan ya karkace komai ya karkace. Yana ginawa yana dubawa. Mai karatu ya lura da 7 da 9 da 11 a misalanmu: kowace tana sauri fiye da ta baya da rabon kusan 5 bisa 4. Haka kuma idan ya bi tazarar uku mataki-mataki zuwa sama, rawar za ta riƙa ƙara sauri a hankali ba tare da tsalle ba. Inda duk ya ji tsalle, akwai kuskure a nan. Bayan ya gamsu, sai ya yaɗa saitin hagu da dama ta hanyar oktaf, ya kuma daidaita sauran tsirkiyoyin kowane madanni da 'yar'uwarsu har rawa ta mutu. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Cewa ido ba shi da rabo a wannan aiki, tarihi ya tabbatar. Claude Montal, wanda aka haifa a Faransa a 1800, makaho ne da ya yi karatu a makarantar makafi ta Paris. Ya ƙware wajen saita fiyano da ƙera shi, a 1836 kuma ya wallafa littafi a kan saiti. Ta dalilinsa wannan sana'a ta zama hanyar cin abinci ga makafi masu yawa a Turai. Horon yana barin alama har a jiki. A 2012 masu bincike na jami'o'in Landan da Niyukasil suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu saita fiyano 19 suka gwada da ta wasu mutane 19, suka sami canji a sashen da ke kula da tunawa da gane hanya, kuma girman canjin yana tafiya da yawan shekarun da mutum ya yi a sana'ar.

Zuwan Na'ura da Abin da Ta Tono

A 1936 kamfanin Conn na Amurka ya fito da na'ura mai suna Stroboconn. Tana da faya-fayai 12 masu zane, kowanne yana juyawa da saurin da ya dace da murya ɗaya, da kuma fitila mai ƙyaftawa daidai da sautin da makirfo ya ɗauko. Idan sautin ya dace, sai zanen ya zama kamar ya tsaya. Idan ya hau, zanen ya riƙa zamewa gefe guda. Idan ya sauka, ya zame ɗaya gefen. Irin wannan ne yake sa a ga tayar mota a fim kamar tana juyawa baya. A taƙaice, na'urar ta mayar da rawar sauti abin gani.

Sai aka yi zaton magana ta ƙare: ga teburin lambobi, ga na'ura. Amma fiyanon da aka saita bisa teburin bai yi daɗin ji ba, siraran muryoyinsa sai a ji kamar sun kasa kai wa. A 1938 wani masanin fiziks na Amurka, O. L. Railsback, ya bi ta ɗaya hanyar, ya auna fiyanonin da ƙwararru suka saita da kunne. Ya tarar duk sun kauce wa teburin ta fuska ɗaya. A tsakiya sun yi kusa da shi, amma siraran muryoyi suna ta hawa sama da shi, kakkaura kuma suna ta sauka ƙasa da shi, har kaucewar takan kai wajen sent 30 a bakin kowane gefe.

A 1943 Schuck da Young suka bayyana dalili. Lissafin hawa-hawa da muka yi a baya ya ɗauka tsirkiya tana da laushi kamar zare. Ta fiyano kuwa wayar ƙarfe ce mai kaurin kusan milimita ɗaya, tana da tauri, ba ta son lanƙwasa. Wannan tauri yana ƙara mata saurin komawa daidai, kuma gwargwadon yawan lanƙwasar, gwargwadon ƙarin saurin. Saboda haka hawa na biyu yakan zarce ninki biyu da kaɗan, na uku ya zarce fiye da haka, na huɗu ya fi na uku. A misalta tsirkiyar da ke Hz 220 wadda hawanta na biyu ya kai 440.2. Idan A4 tana kan 440, za a ji rawa a hankali. Mai kunne zai sassauta A3 kaɗan har rawar ta kwanta, ta haka ya faɗaɗa oktaf ɗin ko da bai san sunan abin da ya yi ba. Faɗin nan yana taruwa oktaf bayan oktaf, shi ne abin da Railsback ya gani.

Abin lura kuma shi ne taurin ya bambanta daga fiyano zuwa fiyano. Gajeriyar tsirkiya mai kauri ta fi doguwa nuna shi, don haka ƙaramin fiyanon ɗaki ya fi bukatar faɗaɗawa bisa babban fiyanon dandali mai tsawon mita 2.7. Babu teburi ɗaya da zai yi wa kowa. Ashe kunnen ƙwararru yana kan daidai, lissafin ne bai cika ba. Amma ba don na'ura ba, da ba a gane hakan ba.

Daga nan masu ƙira suka canza dabara. Albert Sanderson na Amurka ya fito da Sight-O-Tuner a shekarun 1970, sannan Accu-Tuner a shekarun 1980, wadda daga baya aka sa mata tsarin auna taurin tsirkiya uku, F3 da A4 da C6, ta lissafa saitin da ya dace da wannan fiyano shi kaɗai. Bayanta manhajoji irin su CyberTuner da TuneLab da Verituner suka biyo, suna auna hawa-hawa da yawa suna ƙoƙarin yin sulhun da kunne yake yi. Ɗalibi ya kula: ƙaramar manhajar saita jita ba ta san wannan ba, teburi kawai take bi, don haka ba ta dace da fiyano ba.

Inda Kowanne Ya Fi

Na'urar zamani tana da fa'idodi na gaske. Tana gane bambancin da bai kai sent ɗaya ba, alhali a wajen A4 sent ɗaya kimanin rubu'in haz ne. Ba ta gajiya. Tana aiki a wuri mai hayaniya. Tana taimako a siraran muryoyin ƙarshe, inda sauti yake mutuwa da wuri, kuma inda jin mutum yake fara raguwa idan shekaru suka ja. Tana adana saiti, ta yadda za a iya daidaita fiyano biyu da za a kaɗa tare. Babbar fa'idarta tana bayyana ga fiyanon da aka daɗe ba a taɓa ba har ya sauka sosai. Duk tsirkiyar da aka ɗame tana ƙara wa allo nauyi, sai waɗanda aka riga aka saita su sake sauka. Na'ura tana lissafa yadda za a zarce da kowace tsirkiya domin ta faɗo daidai, ta rage wahala ƙwarai.

Amma akwai abubuwa huɗu da ba ta ɗauke wa mutum ba. Na ɗaya, hannu. Turke yana murɗewa a cikin katako kafin gindinsa ya motsa, tsirkiya kuma tana gogar wurare da dama a kan hanyarta. Idan ba a zaunar da su da kyau ba, allon na'ura zai nuna daidai, amma da makaɗi ya buga da ƙarfi sai saitin ya zame. Shi ya sa mai saiti yake zarcewa kaɗan ya dawo, yana dukan madanni da ƙarfi don gwaji. Wannan a hannu ake koyonsa. Na biyu, daidaita tsirkiyoyi uku na madanni ɗaya. A 1977 Gabriel Weinreich na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa tsirkiyoyin suna tasiri a kan juna ta cikin allon, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu yana canza yadda sauti yake daɗewa. Yawancin masu aiki da na'ura ma da kunne suke yin wannan ɓangare. Na uku, wuraren da fiyano ya saba wa lissafi, musamman inda tsirkiyoyi masu naɗin tagulla suka haɗu da marasa naɗi a ƙananan fiyanoni, ko inda wata tsirkiya take rawa ita kaɗai saboda lahani. Na huɗu, kuskuren na'urar kanta. Idan makirfo ya kama hawan da ba shi ba, ko aka buɗe saitin wani fiyano daban, allon ba zai ce komai ba. Wanda ba ya ji ba zai san an yi ɓarna ba sai mai kaya ya koka.

Ƙungiyar masu gyaran fiyano ta Amurka, wadda aka kafa a 1957, ta haɗa hanyoyin biyu a jarrabawarta. Kwamitin ƙwararru ne suke saita fiyanon jarrabawa da kunne har su yarda ya kai maƙura, sai a auna da na'ura a adana lambobin. Bayan ɗan jarrabawa ya yi nasa saitin, a auna a gwada da wancan. Kunne ya kafa mizani, na'ura ta tsare adalci.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ta farko tana cikin tsarin koyo. Ɗan koyo ya fara da kunne da hannu: daidaita tsirkiyoyin madanni ɗaya tukuna, sannan oktaf, sannan ƙidayar rawa da gina oktaf na tsakiya. Na'ura ta zo bayan ya gama, ta nuna masa inda ya kauce da gwargwadon kaucewar, domin a wannan matsayi malama ce mai haƙuri wadda take gajarta shekarun koyo. Wanda ya fara da kallon allo kuwa zai iya samun kuɗin shiga da wuri, amma zai zauna bai san dalilin abin da yake yi ba, kuma ba shi da abin da zai duba na'urar da shi. Haka abin yake ga ɗalibi da kalkuleta: wanda ya san 48 sau 52 bai kai 2,500 ba, shi ne zai gane idan yatsansa ya zame. Gani bai kori ji ba a wannan sana'a, sai dai ya ba shi shaida.

Gwaji a Aji

1. A samo ƙarafa biyu masu yatsu biyu, masu lamba ɗaya, daga ɗakin gwaje-gwaje. A buga su tare a saurara. Sannan a naɗa ɗan kyauron roba a bakin yatsan ɗaya a sake bugawa. A ƙirga rawar cikin sakan 10 a raba da 10.

2. Idan babu ƙarafan, a sa wayoyi biyu su fitar da sauti, ɗaya Hz 440, ɗaya 443, sannan 442, sannan 441. Ɗalibai su rufe ido su faɗi lokacin da aka canza.

3. A rataya nauyin kilo 1 a wayar sonomita a kaɗa, sannan a mayar da shi kilo 4. Wace tazara aka ji?

Gargaɗi: idan makaranta tana da fiyano, kada a taɓa turakansa da sufanar kanikanci. Tsirkiya tana iya tsinkewa ta yi rauni, turke kuma yana iya sakwarkwacewa.

Tambayoyi

1. A4 tana kan Hz 440. Lissafa muryar da ke mataki ɗaya sama da ita.

2. D4 tana kan Hz 293.66. Gwada hawanta na uku da hawa na huɗu na A3, ka faɗi yawan rawar.

3. Me ya sa ƙaramin fiyano ya fi babba bukatar faɗaɗa oktaf?

4. Kawo aiki biyu da na'ura ta fi kunne, da biyu da ba za ta iya yi wa mai saiti ba.